Shuɗin Bokitin Mama

Jama'a, kafin in fara, wadda ta rubuto min a ƙasan labarin baya cewa wai in haƙura in auri Mai Tayal tunda shi sana'arsa ana ganinta da ido, na ga saƙonki. Ko dai Gwaggo ce ta buɗe sabon shafi, ko kuwa ke 'yar ɗakinta ce. Allah ya shirye ki, zauna ki ji abin da ya faru ranar Asabar.

Ga sababbin shigowa, ni ce Auta. A shagon labule nake aiki, ina auna tagogin mutane ina jin sirrin gidajensu. Ƙawayena duk sun yi aure, har da wadda ta rantse sai ta gama digiri na uku. A gidanmu kuwa an kai matakin da ko atishawa na yi sai Gwaggo, yayar Baba, ta ce, "Da a ɗakinki kike, da kin samu mai ce miki sannu." Tana da ɗan takararta, wani mai sayar da tayal, mai tumbi da turare mai hawa kai. Ni kuma ina da nawa.

Nawa aikinsa zana fuskar manhajar waya. Shi ke yanke shawarar inda maɓalli zai zauna, da launinsa, da hoton da za a ɗora masa don mutum ya gane ba sai an koya masa ba. Ranar da na yi wa Gwaggo wannan bayanin sai ta taɓe baki ta ce, "Watau dai ɗan maɓalli ne." Sunan ya bi shi, har ni yanzu da shi na ajiye lambarsa.

Ku bar ganin ina dariya, ina son bawan Allahn nan. Ranar da muka fara fita, a ƙofar gidan cin abinci na kama mariƙi na yi ta ja, ƙofa ta ƙi, na ja har mayafina ya zame, ashe turawa ake yi. Mutane na kallo, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Shi kuwa maimakon ya ce min sannu, sai ya durƙusa yana leƙen mariƙin.

"Ba laifinki ba ne," ya ce. "Duk wanda ya sa irin wannan mariƙin ya ce wa hannu ja ni. Da kika kama, me kika yi tsammanin zai faru?"

Namijin da zai ɗora wa ƙofa laifi don ya wanke ni, ina zan kai shi in ba gidan aure ba? Sai dai tambayar nan tasa, me kika yi tsammanin zai faru, ba ya rabuwa da ita. Ko cokali ya faɗi sai ya yi ta.

Matsalar Baba ce. Baba tsohon duba-gari ne. Ya yi ritaya daga aiki, amma aikin bai yi ritaya daga jikinsa ba. Yatsa yake sawa ya shafi saman firij ya ɗaga ya nuna miki ba tare da ya ce uffan ba. Kowace safiya shi da kansa yake zagaye gida ya juye duk wani kwandon shara, ko da takardar alawa ɗaya ce a ciki. Da na kai masa maganar Ɗan Maɓalli sai ya cire tabarau ya ce, "Ni ba na ba da 'ya ga aikin da ban duba ba. Ya kawo aikin mu gwada. Ranar Asabar zan faɗa masa ko manyansa su zo, ko su sha zamansu."

Dama yana cikin haɗa wata manhaja don tsofaffi, masu tsoron taɓa waya kamar za ta cije su. Dabararsa ita ce komai ya yi kama da gida. Saƙo ya shigo, sai ya zauna a falo. Kana son ɗaukar kanka, ga madubi a bango. Kana son adana abu, ka ja shi da yatsa ka kai akwati. Ba ka so, ka kai kwandon shara, ka danna tsintsiya. Don ya burge su Baba, sai ya ce in ɗauko masa bidiyon gidanmu lungu-lungu, ya zana kayan su yi kama da namu. Na ɗauka da rawar jiki, har ɗakin Mama na shiga. Ya zo ya saka manhajar a babbar wayar nan mai faɗin faranti da Antina, babbar yayata, ta aiko wa su Mama, ya kuma kafa min doka.

"Kada ki leƙa, kada ki koya musu komai. In sai an koya, zanena ya faɗi."

Na yi biyayya, abin da ban saba ba.

To yanzu sai in gaya muku wani abu game da Mama. A bayan ƙofar ɗakinta akwai wani shuɗin bokiti mai murfi, irin wanda ake takawa da ƙafa ya buɗe, har takardar farashi tana manne a gefensa. Bokitin shara ne, a shagon kayan shara aka saye shi, amma tunda ya shigo gidanmu ko ɓawon ayaba bai taɓa gani ba. A ciki Mama take ajiye sarƙoƙinta, da turarukan da ba ta so a sani, da leshin da ba a fito da shi sai babban dalili. Hujjarta ita ce ɓarawo akwati yake fara buɗewa, babu ɓarawon da zai tsaya tonon shara. Baba kansa ya san wannan bokitin ba hurumin duba-gari ba ne, tun wata rana da ya kusance shi aka yi yini ba a yi masa magana ba. Ni na saba da shi har ba na ganinsa, shi ya sa ko a raina ban kawo komai ba da kyamara ta wuce ta kansa.

Satin nan gidanmu ya yi daɗi. Mama tana zaune bakin gado da waya a cinya tana jan abubuwa da yatsa tana murmushi. Baba da safe sai ya ɗauki wayar ya shige ɗaki ya rufo ƙofa, can sai ya fito yana gyaran murya. Ɗan Maɓalli kuwa ya hana wayata sakat.

"Sun taɓa yau?"

"Sun taɓa."

"Da wane yatsa?"

"Kai, ni ba 'yar leƙen asiri ba ce."

"Alƙaluma sun nuna kwandon shara aka fi taɓawa, safe da yamma. Ban taɓa ganin an so kwandon shara haka ba."

Na tura masa hoton dariya na ce ai ka haɗu da Baba. Har sadaka na yi a hanyar shago don murna.

Ranar Asabar na saka doguwar riga ruwan zuma mai ƙananan duwatsu a wuya, da mayafi ruwan madara wanda na goge har sau biyu don Baba ba ya son tamoji. Na canza labulen falo zuwa masu ruwan toka da na karɓo a shago, na goge saman firij, na goge saman ƙofa, na goge har bayan agogo. Gwaggo ta riga kowa zuwa, ta zauna a kujerar tsakiya ta rungume jakarta. Jakar ta yi min nauyi a ido, ashe guntun tayal ta saka a ciki, wai shaida.

Ɗan Maɓalli ya iso da farar riga da aka yi wa guga har tana iya yanka mutum, gumi na bin wuyansa. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya gaida Gwaggo, ta amsa da hanci. Mama tana kicin tana haɗa shayi. Ni na raɓe a bakin ƙofar falo, waya a ƙarƙashin mayafi.

Baba ya gyara zama. "Yaro, na duba aikinka."

"To Baba."

"Akwai tsafta."

A bakin Baba, akwai tsafta ya fi a ce an ba ka sarauta.

"Abin da ya fi burge ni," Baba ya ci gaba, "tsintsiyar nan. Kullum da safe sai in tarar da bokitin ya cika maƙil, ban san wane ƙazamin ke tara shirgi a ciki ba. Ina dannawa sai in ji shuuu, komai ya tafi. Ko a zamanin aikina ban samu ma'aikaci mai saurin wannan ba."

Kafin in gama tunanin wane bokiti yake nufi, Mama ta shigo da tire. Ta ajiye, ta dubi Ɗan Maɓalli da fuskar da take yi wa jikokinta.

"Ɗan nan, Allah ya yi maka albarka. Kai ka san darajar ajiya. Yaya, bari ki ga abin da ya yi min. Duk hotunan yaran nan, da bidiyon ranar da ƙaramin ya fara tafiya, da muryar 'yar uwata da take min waƙa, duk na adana su wuri guda. Kullum in na ga Anti ta turo sabo sai in ja in kai."

Ta ɗauki wayar ta matsa kusa da Gwaggo. Na miƙa wuya na leƙa, karo na farko. Ga falonmu a zane, ga madubi, ga wani akwati ruwan ƙasa da ban san na gidan wa ba ne. A kusurwa kuma, jama'a, ga shuɗin bokiti mai murfi, da abin takawa, har da 'yar takardar farashi a gefe.

Mama ta taɓa bokitin. Murfi ya ɗaga. Wayam. Sai wata 'yar tsintsiya mai ido da baki ta fito tana rawa, rubutu ya bayyana a ƙasa: Madalla! Gidanku tsaf!

Mama ta rufe ta sake buɗewa. Ta girgiza wayar. Ta juya ta ta leƙa bayanta.

"Ina kayana?"

Baba ya sauke kofin shayi a hankali. "Hajiya, wane kaya?"

"Kayan da na ajiye a bokitina!"

"Wannan ai na shara ne."

"Malam, dubi bokitin nan da kyau ka ce min na shara ne!"

Ba ta jira amsa ba ta shige ɗaki, sai ga ta ta kinkimo na gaskiyan, ta dire a tsakiyar falo, ta taka. Murfi ya ɗaga, ƙamshi ya cika ɗaki, ga leshi a ninke, ga gwal yana walƙiya. Sirrin da aka yi shekara da shekaru ana ɓoyewa, yau ga shi a gaban baƙo.

Gwaggo ta leƙa. "Au, ashe nan sarƙar take? Wadda na zo aro kika ce ta ɓata?"

"Yaya, ba wannan ake yi ba yanzu."

Ana wata ga wata. Ni dai ido ya raina fata, ina kallon Ɗan Maɓalli, sai na ga bakinsa yana motsi, na san abin da ke tafe. Na yi maza na tura masa saƙo daga ƙarƙashin mayafi: kada ka yi tambayar nan, don girman Allah. Wayarsa ta yi ƙara a aljihu, bai duba ba.

"Mama," ya ce cikin ladabi, "da kuka ja hoton kuka kai bokitin, me kuka yi tsammanin zai faru?"

"Me na yi tsammani? Auta, me yaron nan yake tambayata?"

"Mama, gaisuwa ce irin ta wurin aikinsu."

"Ai na sa akwati don ajiya," ya ƙara.

"Akwatin wa? Ni na taɓa ganin wannan akwatin? Ka zana min bokitina har da takardar kuɗinsa, sannan ka ba Malam tsintsiya?"

Gwaggo ta ga ranarta ta zo. Ta zaro guntun tayal daga jaka ta ƙwanƙwasa shi da zobe, ƙwas ƙwas. "Kun ji? Wannan ko shekara nawa ka ajiye shi, nan za ka same shi. Ba ya yin shuuu."

Idon Mama ya kawo ruwa, da gaske kuma, don muryar 'yar uwarta ba wasa ba ce a wurinta. Ni ma na ji tausayinta ya kama ni, na kuma ji aurena yana zamewa daga hannuna kamar sabulu. Ɗan Maɓalli ya share gumi da hannun rigar da aka sha wahalar gogewa.

"Mama, ku kwantar da hankalinku. Babu abin da ya ɓata. Tsintsiyar ba ta zubarwa da gaske, ɓoyewa take yi a baya na ɗan lokaci, saboda mutane suna yawan nadama. Zan iya dawo da komai yanzu."

Mama ta sauke ajiyar zuciya. Baba kuwa ya miƙe zaune ƙyam.

"Ɓoyewa? Watau duk safiyar nan shara nake turawa ƙarƙashin kafet?"

"Baba, ba haka ba ne, ƙa'idar aikin ce..."

"A zamanina gidan da aka kama da wannan, alli nake sa wa a ƙofa!" Wani abu ya gifta a fuskarsa, sai kuma muryarsa ta sauko. "Ka ce komai zai dawo?"

"Komai, Baba. Ban gama gina wurin zaɓa ba tukuna, gaba ɗaya suke dawowa falo."

"To a bar shi. Abin da ya tafi ya tafi. Hajiya, a yi haƙuri, haka Allah ya so. Anti ta sake turowa."

Muka dube shi gaba ɗaya. Mutumin da in cokalin shayi ya ɓata sai an ɗaga katifu, yau shi ke wa'azin haƙuri.

"Ɗan nan," in ji Mama, ba ta ɗauke ido daga kan Baba ba, "dawo min da kayana."

"Yaro, na ce a bari."

"Dawo da su."

Bawan Allah ya dube ni. Gaba kura baya sayaki. Na rufe ido na gyaɗa masa kai, don in ya ɓata da Mama ko ruwan gidan nan ba zai ƙara sha ba. Ya zaro wayarsa ya danna.

Hotuna suka fara zubowa falon waya, ga jikoki, ga 'yar uwar Mama. Mama ta fara hamdala. Sai dai falon nasa, kamar talabijin ya yi shi, duk bidiyon da ya shigo ƙarshe da kansa yake kunnuwa. Allo ya cika da wani abu mai duhu mai ramuka biyu. Sai da abin ya ja baya muka gane hancin Baba ne. Hula a karkace, singileti, yatsa yana goge wani ɗigo a jikin madubin, ashe gogewar nan ce take kunna ɗauka. Shi a zatonsa madubi ne kawai, sai daga baya yake ganin kansa zaune a falo, ya ja ya kai bokiti ya share.

Baban cikin waya ya gyara murya. "Yaro. A'a. Ɗana. A'a, ɗana ya yi yawa, zai raina ni. Yaro, na duba aikinka."

"A kashe!" in ji Baban falo.

Mama ta ɗaga wayar sama ta juya masa baya.

"Auta ba ta rufe murfin man goge baki," Baban waya ya ci gaba, yana ɗaga yatsa. "Tana barin kofi a ƙarƙashin gado. Na yi iya ƙoƙarina. Amma ita kaɗai ce in na shafa firij na ɗaga yatsa take min dariya. In ta tafi gidan nan zai yi tsaf, kuma ba na so ya yi tsaf ɗin." Ya tsaya. "Na ba ka ita. Ka riƙe min ita da..." Sai murya ta karye, ya jawo gefen singileti ya fyace hanci da ƙarfi, ya ce, "Kai, wannan bai yi ba, gobe a sake."

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Tunda nake ban taɓa ganin hawayen Baba ba, ban kuma taɓa sanin ya san ina barin kofi a ƙarƙashin gado ba. Kuka nake ina dariya, kwalli ya ɓata mayafin da na goge. Gwaggo ta mayar da tayal ɗinta jaka a hankali, har tana jan hanci tana cewa turaren bokitin ne ya shige mata.

Baba ya yi wuf ya fizge wayar, ya danne bidiyon da yatsa, ya ja shi fuuu ya jefa cikin shuɗin bokiti. Kafin ya kai ga tsintsiya Mama ta riƙe hannunsa.

"Yawwa Malam, ka kai shi inda ya dace. Shekara nawa ina jira in ga wannan fuskar. Nan zai zauna."

Baba ya saki wayar, ya gyara hularsa, bai dubi kowa ba. "Yaro, biyo ni waje."

Suka fita, aka rufo ƙofa. Na rarrafa na kai kunne, ban ji komai ba sai gyaran murya. Mama ta rungume waya a ƙirji ta zauna a kan bokitinta kamar mai gadi, ta kira ni da yatsa.

"Auta, ki gaya wa yaron nan, ina sonsa, na yafe masa. Amma in bidiyon nan ya yi ko gezau, kada ya ƙara tako min gida, shi da manyan nasa."

Ban kai ga amsawa ba wayata ta yi ƙara a ƙarƙashin mayafi. Ɗan Maɓalli ne, daga bakin ƙofa, rubutun duk a hargitse.

"Baba ya ce manyana su zo. Amma sai na goge bidiyon daga nan wayata, gogewa ta gaskiya, a gabansa, yau. Yana tsaye a kaina. Auta, me zan danna?"